Ranar da Dokin Baban Rakiya Ya Kama Mini Yatsu

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida mahaifin Rakiya. Baba Isufu ɗan Zongo ne, amma dawakinsa biyu suna wani fili a unguwar Larle, can ya ce in same shi. Ranar ce zai yanke ko in turo magabatana, ko in kama gabana.

Muna gama gaisawa ya ce, "An ce kai ɗan Maradi ne. Ka san doki ke nan?"

"Sosai, Baba. A cikinsu na tashi." (Ni da ko jaki ban taɓa hawa ba. Babana tela ne.)

Ya miƙo mini karas, ya nuna wani baƙin ingarma. Ya ce in ba shi. Ashe a tafin hannu ake ba doki abinci, hannu a shimfiɗe, yatsu a haɗe. Ni kuwa ladabi ne ya ɗebe ni: na riƙe karas ɗin da yatsu, na tallafe da hagu, har da ɗan rusunawa, kamar mai miƙa wa dattijo goro.

Dokin ya haɗa karas da yatsuna biyu ya danne.

Zafin har ƙwaƙwalwata. Amma wanda ya tashi cikin dawaki ba ya ihu, don haka na tsaya ina murmushi, hawaye na bin kumatuna, ina lissafin da yatsu nawa zan koma gida.

"Kada ka fizge," in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Dusma, a hankali. Kada ka doke shi." Ya matso, ya zura babban yatsansa ta gefen bakin, inda babu haƙora. Dokin ya saki.

Da kansa ya wanke mini da sabulu, ya zuba alkol na wanke ciwo, ya ce lallai in biya wurin likita a yi mini allura. Sannan ya ƙura mini ido. Wallahi kallon ya fi cizon zafi.

"Baba," na ce, "ƙarya na yi. Tsoro na ji kada ka hana ni Rakiya."

"Na sani. Shekarata arba'in da dawaki, ban taɓa ganin wanda ya rusuna musu ba." Ya goge hannu. "Turo manyanka Juma'a. Amma da bakinka za ka faɗa mata abin da ya sami hannun nan."

Na faɗa mata. Kafin magariba duk ƙannenta sun ji, har yau kuma Surukin Doki suke kira na. Tun daga ranar, in aka tambaye ni ko na iya abu, ko da keke ne, sai in ce a fara nuna mini.