Yadda Za Ka Zaga Gidajen Tarihi da Mahaifiyarka Ba Ta Ga Zanen da Ka Sayar Ba

Bi matakan nan yadda na jera su, ni kuma na yi maka alkawari za ka fita da tsohuwa da safe, ku zaga birnin Solo na ƙasar Indonesiya, ku dawo asirinka a rufe. Ni Wardoyo na gwada da kaina, kuma har mataki na uku ban ga tangarɗa ba.

Darasin na mutum irina ne. Ka buɗe kabad ɗin mahaifiyarka, ka ɗauke zanen batik, mai adon da ake zanawa da narkakken kaki kafin rini, da kakarka ta yi da hannunta, wanda tsohuwa ta ajiye don a lulluɓe gawarta da shi ranar da ta cika. Ka sayar wa dillali, ka sayi kurciyar shiga gasar kuka da kuɗin, ka ce gara ce ta cinye. Yanzu ga hoton zanen a allon tallar wani gidan tarihi, ga tsohuwa ta cika shekara saba'in ta ce ba ta son walima, yawon gidajen tarihi take so, har da wancan.

Mataki na ɗaya: nuna ɗoki

Kada ka ƙi zuwa, ɗan da ya ƙi fita da uwarsa abin zargi ne. Ka ce, "Bu," wato Mama, "ai guda ɗaya ya yi miki kaɗan, uku za mu je." Sai ka sa wancan a ƙarshe. Ƙarfe uku suke rufewa, saboda haka aikinka duka shi ne kashe awa shida.

Mataki na biyu: fara da hotunan zamani

Babu inda lokaci ke mutuwa kamar gidan baje kolin hotunan fenti. Tsaya gaban kowane hoto, ka riƙe haɓa, ka ja da baya taku uku, ka ce, "Akwai magana a nan." Ba wanda zai tambaye ka wace magana, domin kowa a ɗakin tsoron tambayar yake ji.

Sai dai uwa. Tawa ta tsaya gaban wani ƙaton allo ja wur mai baƙin layi ɗaya, ta ce, "Le, ɗana, sun gama wannan kuwa?"

"An gama, Bu. Fushin talaka ake nufi."

"Talakan da ya samu fenti mai yawa haka, fushin me kuma yake yi?"

Mai kula da ɗakin ya yi tari. Ka lura: tarin ma'aikaci ribar minti biyar ce, in ka tsaya ba shi haƙuri a tsanake.

Mataki na uku: karanta komai

A gidan tsoffin makamai, karanta kowace takardar bayani da ƙarfi, har da wadda ta ce kada a taɓa gilashi. Yi tambaya a kan kowace wuƙa. Amma kada ka sa rai za ta gaji. Matar da ta shekara arba'in tana ɗaukar kwandon kayan miya zuwa kasuwa ba ta gajiya a ɗaki mai sanyi, kai ne za ka nemi benci.

Mataki na huɗu: abinci da doguwar hanya

Zaɓi rumfar miyar soto da ta fi kowacce layi. Sa a kawo shayi mai zafin da ba ya shayuwa. Daga nan nemi mai keken haya mai ƙafa uku mafi tsufa, ka raɗa masa ya bi ta bakin kogi.

A nan na manta abu ɗaya, cewa a garin aka haife ta. Ta taɓa kafaɗar mutumin ta ce, "Pak, bawan Allah, kai baƙo ne? Yanki ta bayan masallaci." Ƙarfe biyu da kwata muna bakin ƙofar gidan tarihin.

Mataki na biyar: tabarau

A ƙofa ana karɓar jakunkuna. Taimaka mata da ladabi, ka tura tabaraunta cikin jakar kafin ka miƙa. A ciki kuma ka yi tafiya ta gefen da zanen yake, ka buɗe kafaɗu, kana yabon na ɗaya bangon.

Ta ture ni da hannu ɗaya kamar labule. Ta tsaya gaban gilashin, ta daɗe, sannan ta nuna wani wuri kusa da gefe inda layin ya ɗan karkace.

"Ka ga nan? Ina goye a bayan kakarka na ja mata hannu, kakin ya zuba. Har ta rasu tana yi mini gorinsa."

Na mai da idona kan takalmina. Shawarata gare ka ke nan kai ma.

Mataki na shida: idan ta ce ka karanta

"Le, ba na gani. Me suka rubuta a ƙasa?"

Ka karanta gaskiya, ƙaryarka ta ƙare tun a ƙofa. Na karanta: aikin hannu, wajen shekara saba'in, ba a san wadda ta yi shi ba.

Na zaci ihu za ta yi, na ma shirya masa, da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta yafito matar da ke gadin ɗakin. "Mbak, 'yar nan, kina da biro? Sunanta Ngatinem, daga unguwar Laweyan. Wata bakwai ta yi a kansa. Ki ba manyanku su gyara." Matar ta rubuta a tafin hannunta. Ni tsohuwa ko kallona ba ta yi ba, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Mataki na bakwai: bi ta duk inda ta nufa

Kasuwar zannuwa ta nufa, rumfar masu arha, bugun inji, waɗanda ake tarawa a ƙasa kamar tsumma. Ta sa mai rumfar ya baje guda biyar.

Na ce, "Bu, mu je gaba, zan saya miki na hannu, ko nawa ne."

"Hannun wa?" Ta turo mini su gabana. "Zaɓi wanda za ka lulluɓe ni da shi, Le. Zaɓi da kyau. Ni ba zan gani ba, kai ne za ka zauna kana kallonsa."

Na zaɓi mai ruwan ƙasa. Ita ta biya.

Sanarwa

Marubuci ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan amfani da matakan nan, ko a gidan tarihi, ko a kasuwa, ko ranar da za a buɗe kabad a ɗauko abin da ka zaɓa. Mai ƙorafi kada ya neme ni. Ya je ya sami mahaifiyarsa, in tana nan.