Mai Tarin Cikin Kaset

Wani ne a Barmu, Allah bai ba shi gonar kirki ba, bai ba shi sana'ar da za a nuna ba, amma ya ba shi tari guda ɗaya. Da wannan tarin ya shekara arba'in yana shiga cikin manya.

Tun yana saurayi abin ya faru. Wani shahararren mawaƙin Adar mai gurmi ya zo garinsu wasa, ma'aikatan rediyo suka biyo shi da na'urarsu. Gogan ya kutsa har sahun gaba, bakinsa cike da ƙuli-ƙuli. Mawaƙi ya ɗauko bakandamiyarsa, ya kai daidai inda yake yin shiru ya ja numfashi kafin 'yan amshi su karɓa. Fili ya yi tsit. Nan ne ƙuli-ƙuli ya bi ta inda ba hanyarsa ba. Mutumin ya yi tari, tari mai hawa biyu da ɗan siririn fito a ƙarshe. Na'ura ta kwashe.

Waƙa ta shiga kaset, kaset ya bi 'yan ci-rani har Abijan da Libiya. Jama'a suka haddace waƙar har da tarin. Mata na daka suna rerawa, in sun zo wurin sai su tsayar da taɓarya su yi tari, sannan su ci gaba.

Shi kuwa mutumin ya samu abin yi. Duk majalisar da aka kunna waƙar, in an kusa wurin sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ku yi shiru, ga ni nan tahe." Ana tari sai ya sauke yatsan a hankali, yana kallon ƙasa don kada a ce yana girman kai. In baƙo ya zo gari, bayan an kai shi gaida maigari sai a biyo da shi wurinsa. Ko Balkisa da ta aure shi ba ta taɓa ɓoye cewa tarin ta bi ba.

Ana nan mawaƙin ya rasu. Bayan shekaru wasu samari a Tawa suka yi fim ɗin tarihinsa, tun daga kiwon awaki har zuwa ranar da aka ɗauke shi a makara. Suka sa aka sake rera waƙoƙinsa tsaf, suka fitar da su a katin waya. Da labari ya iso Barmu, mutumin ya yanka zabi biyu, ya aro sifika, ya gayyaci unguwa bayan la'asar.

Aka zauna, aka kunna. Bakandamiya ta taso, ta kusa wurin, ya ɗaga yatsa. Mawaƙi ya yi shiru. Shirun ya wuce sumul, 'yan amshi suka karɓa. Yatsa na sama.

Ya ce a mayar baya. Aka mayar har sau uku, babu ko gyaran murya. Sai Ciɗo mai shayi, wanda dama ya daɗe yana jin haushin shayin da gogan ke sha kyauta, ya tsame ƙashi daga bakinsa ya ce, "To, ko dai tun can kunnuwanmu na?" Samarin da ba su san zamanin kaset ba suka ce su dama sun daɗe suna shakka. Aka cinye zabi aka watse. Washegari ya je majalisa, ba wanda ya matsa masa a tabarma. Abin ya ci masa rai ƙwarai, har kwana biyu fura ba ta wuce masa.

Rana ta uku ya sa babbar rigarsa ya hau mota sai Tawa. Ya yi ta tambaya har ya samu sutudiyon, wani ɗaki ne a bayan kasuwa an manne bangonsa da kwalayen ƙwai. Ya shiga da shirin faɗa, tun a mota ya tsara zagin da zai fara da shi. Sai mai wurin, wani Attahir, ya tarbe shi hannu biyu. Ya ce ai su ma sun shiga uku. Masu tura waƙa a tasha sun hana su sakat, wai mutane na dawo da katin suna cewa waƙar ba ta cika ba. Tarin tsohon kaset kuma ya cakuɗe da shuuu, odinata, wato kwamfuta, ta kasa zare shi. Shi ya sa suka ba da sanarwa a rediyo mai tarin ya fito a sake ɗauka.

Mutumin ya gyara wuyan riga ya ce, "To, ga ni."

Attahir ya ce, "Madalla, Baba. Shiga layi."

Ya leƙa bayan ɗakin, sai ga mutum goma sha huɗu a ƙarƙashin itacen bedi, kowa na cewa tarinsa ne. Akwai na Bambeye, akwai na Tebaram. Akwai wani Buzu da ya zo a kan raƙumi daga arewa, ba ya jin Hausa sosai, amma ya rantse yana wurin. Duk suna gwaji, wannan ya yi, wancan ya gyara masa. Har wata mata ta goyo jaririnta ta tsaya a ƙarshen layi, a zatonta likita ne ya zo.

Wadda aka ɗauko ta yi alƙalanci ita ce matar marigayin, Hajiya Ummul Kulsum, tsohuwa ƙarama mai ƙarancin magana. Aka ajiye mata kujera ta juya musu baya, don kunne ya yi hukunci ba ido ba. Kowa ya shigo ya yi nasa, ita dai sai ta girgiza kai.

Layi ya zo kan mai abu. Aka sa masa waƙa a kunne, aka kai wurin, ya buɗe baki. Babu komai. Mutumin nan ƙirjinsa garau yake, rabonsa da mura tun kafin a kawo waya garinsu. Ya ce a kawo ƙuli-ƙuli, don da shi aka yi na farko. Aka kawo. To haƙoran da suka tauna na wancan zamani sun daɗe da tafiya, sai ya tsotsa ya tsotsa, abu ya yi laushi ya wuce lafiya lau. Ya ce a ƙaro. Ya cinye ƙulli uku, sai gyatsa. Wani ya ba da shawarar barkono, aka daka aka kai masa hanci, ya jera atishawa goma sha ɗaya har hularsa ta faɗi. Attahir ya cire abin kunnensa ya ce cikin ladabi, atishawa ba ta cikin waƙar. Daga ƙarshe ya matse ciki ya fitar da wani busasshen tari na tsofaffi. Hajiya ba ta ma wahalar da kanta da girgiza kai ba.

Na ƙarshe da ya shigo wani Ɗahiru ne ɗan kabu-kabu, wanda ko uwarsa ba a yaye ba lokacin da aka yi wasan Barmu. A kan kaset ɗin ya tashi, da shi ake lallashinsa yana goye. Waƙa na kaiwa wurin ya saki tari mai hawa biyu, ga ɗan fiton nan a ƙarshe, ba ƙari ba ragi. Hajiya ta sa gefen mayafi ta share ido. Aka ba Ɗahiru na ɗaya. Mai abu ya zo na tara, Buzu na gabansa.

Nan fa ya birkice. Ya ce wallahi ba inda za shi. Ya fara zuba shaida: ranar Laraba ce, marigayi na sanye da shuɗiyar riga mai ƙunar garwashi a bakin aljihu, tsirkiyar gurmi ta tsinke aka ɗaura wata. Ya ce da ya yi tarin, marigayi ya buɗe ido ɗaya ya dube shi, ya ciji leɓe.

Hajiya ta juyo da kujerarta a hankali. Ta tambaye shi wane aljihu. Ya ce na hagu. Ta ce ita ta ɗinke ƙunar da hannunta. Ta dubi Attahir ta ce, "Wanga shi na."

Mutumin ya ji kamar an yi masa naɗi. Ya ce a kira sauran su ji da kunnensu, a kuma rubuta a takarda ya kai wa Ciɗo.

Hajiya ta jawo jakarta ta zuge, ta zaro bulalar raƙumi a naɗe. Ta ce tun daga ranar wasan Barmu mijinta bai ƙara samun shirunsa ba. Shirun nan shekara biyu ya yi yana neman inda zai ajiye shi a waƙar. Amma duk inda ya je wasa, gaban sarakuna ne ko gaban gwamna, yana jan numfashi sai fili gaba ɗaya ya ɗauki tari. Har a gadon asibiti, likita ya gane shi ya yi masa tarin. Ta ce wasiyyarsa ta ƙarshe ita ce, duk ranar da aka ga mai tarin, a ba shi goma sha biyu masu kyau. Don haka ma ta yarda ta zo alƙalancin.

Kafin ta rufe baki ƙarƙashin bedi ya zama wayam, ƙurar raƙumi kawai ake hangowa. Attahir ya sa wa ƙofa sakata, wai don kada hayaniyar kasuwa ta shigo.

Mutumin ya ja da baya har ya jingina da kwalayen ƙwai. Ya ce, "Hajiya, a yi adalci. Yanzu-yanzu kinka ce nawa bai yi ba, na tara niz zo. Ga wanda yac ci nan tsaye."

Hajiya ta warware bulala, ta gwada ta a iska, ta ce, "Ɗahiru iyawa yay yi. Kai kay yi. Kwanta."