Ranar da na karɓi lamba biyar

Bari in tona wa kaina asiri.

Duk Juma'a da sassafe muke buga ƙwallo a unguwar International City, nan ƙasar Larabawa, mu Kanawa da 'yan Zongo, mu rabu gida biyu. Sai ga Awudu, ɗan Zongo, sabon zuwa daga Kumasi. Muka sa shi baya, kullum ta gefensa ake cin mu. Musu ya kaure: wasu suka ce a bar shi ya saba, wasu suka ce a mai da shi gaba.

Ni kuwa na miƙe kamar koci. "Wannan ba ɗan baya ba ne, khalas, magana ta ƙare! Ku ba ni lamba biyar ɗinsa, in tsare baya ku ga aiki." Rabona da gudu fa tun sakandare.

Awudu ya ce, "To, massa," wato oga a bakinsu. Ya koma gaba, amma a ɗaya gidan.

Jama'a, sau uku yana zura min ƙwallo ta tsakanin ƙafafu. A na huɗun ban jira shi ba, na zauna daɓas. Shi ya ɗaga ni, yana cewa, "Shwaiya shwaiya, a hankali, massa."

Har yau in muka jera sahu a masallaci, kafin liman ya kabbara sai Alhaji Sani, abokin kasuwancina, ya raɗa min: "Haɗe ƙafafunka, Awudu na bayanka."