Rasuwar Gwaggo Mai Duba Furosesa

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni da yayana, masu shagon gyara da sayar da kwamfutoci na hannu da ke ƙasan bene kusa da mai ɗinkin labule, muke sanar da abokan ciniki da maƙwabta rasuwar manhajarmu, wadda aka fi sani da Gwaggo. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, tana tsakiyar karɓar afdet, wato sabon gyaran da ake turo mata.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, 'yar ƙaramar manhaja ce da ta yi zamanta a cikin wani shuɗin filash mai tsagaggen murfi. Aikinta ɗaya ne tak. A soka ta a kwamfuta, ta leƙa furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ta duba ko akwai kafar da ɓarawo zai bi ya kwashi lambobin sirrin mutum. In lafiya lau, sai ta nuna kore ta ce "ƙit". In akwai matsala, sai ta nuna ja ta ce "tuu, tuu", a hankali, kamar mai jin nauyin faɗa. Matata ce ta raɗa mata suna Gwaggo, don a cewarta ba ta taɓa shiga wuri ta fito ba tare da ta ga abin gyara ba.

Marigayiyar ba ta da kwaɗayi. Ba ta cin data, ba ta cika wuri, ba ta taɓa tallata mana maganin ƙiba ba. Ba ta kuma san fuska ba. Kwamfutar lauya da ta ɗalibi, duk awo ɗaya take yi musu.

Duk lokacin da masana suka gano sabuwar kafa a furosesa, sai wanda ya ƙirƙire ta, bawan Allahn da ba mu taɓa gani ba, ya turo afdet. Kowane afdet ƙara mata kaifin ido yake yi. Akwai wanda muka saka mata bara, washegari ta bi kwamfutocin da ke kan kantar shagon ɗaya bayan ɗaya, waɗanda da bakinta ta wanke su a baya, ta shafa wa fiye da rabinsu ja. Yaya ya dubi kantar, ya ce, "Ƙanina, mayar mana da tsohuwar, ta fi ta ladabi." Na ƙi. Mako guda ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

A wannan makon muka kira duk wanda ya sayi irin waɗancan kwamfutocin ya dawo a saka masa faci. Wata mai kantin magani ta zo a fusace, ta ɗauka ruɓaɓɓen kaya muka sayar mata. Ta zauna a benci tana karkaɗa ƙafa har aka gama, Gwaggo ta ce "ƙit". Da za ta tafi ta ce, "Ashe akwai masu neman mutum bayan sun karɓi kuɗinsa." Tun daga ranar, duk wanda ta sani da kwamfuta wurinmu take turo shi. Yaya bai taɓa cewa Gwaggo ta yi daidai ba, amma ya daina kiranta munafuka.

Ciwon ajalin ya fara ne da ƙiba. Afdet ɗin baya-bayan nan sun kumbura ta har filash ɗin ya yi mata kaɗan. Ta fara nauyin tashi, ta fara mantuwa, wani lokacin ta duba kwamfuta ta tsaya shiru, ba kore ba ja. Mun cire ta mun sake sakawa, mun gwada ta a wani filash, mun kashe mun kunna. Ranar Talata afdet na ƙarshe ya iso, tare da saƙon cewa mai ita ya tsufa, ya ajiye aikin. Layin da ke nuna shigarsa ya kusa kaiwa ƙarshe, ya tsaya. Ta ce "tuu" sau ɗaya, allon ya yi fari.

Ta rasu ta bar shuɗin filash, da ƙanwarta mai kama bairos, wato cutar kwamfuta, da tsohuwar kwamfutar tebur mai tari, da tarin kwamfutocin da ta duba. Ta kuma bar magajiya, wata sabuwar manhajar kamfani da ba ta buɗe baki sai an ba ta imel da lambar waya.

Za a goge ta ranar Asabar da yamma, bayan rufe shago, a kan teburin gyara. Za ta kwana a kwandon shara na kwamfutar, sannan a share kwandon. Muna roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su riƙo kwamfutocinsu da sunan a ɗan duba musu. Ni hannuna ba zai iya ba, don haka Yaya ne zai danna maɓallin. Ya amince, da sharaɗin a fara kwafa masa ita a wani filash, ya ajiye a aljihun tebur.