Zakkar da Ta Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da shekarar farin nan ba, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasa, ruwan sama kuma ya ƙi sauka. A Daudawa gero ya ƙone tun bai yi kai ba. Gonata ta tudu ta zama kamar an bi ta da wuta, amma ina da wata 'yar gona a kwari, bakin rafi, wadda ta ba ni dawa har dami arba'in. Na zuba a rumbu, na fitar da zakka, na rufe bakina.

Sai aka ce gwamnati za ta raba tallafin hatsi da kuɗi ga waɗanda suka yi asara. Malamin gona ya zo duba gonaki, na kai shi tudu, na yi ta share ido da bakin riga. (Allah ya yafe mini, har muryata na karya.) Ya tambaya ko ina da wata gonar, na ce, "Ranka ya daɗe, ko zangarniya ɗaya ban kai gida ba."

Ranar rabo muka yi layi a ƙofar gidan mai gari. Mota ta zo daga Faskari da buhuna, da malamin gonan, da wani ɗan sanda mai kulki kamar taɓarya. Mai gari ya miƙe ya ce duk wanda aka kama ya yi ƙarya, a motar nan za a wuce da shi gidan yari. Duk sanda ɗan sandan ya waiwayo sai in ga ni yake kallo. Na so in sulale, amma surukina, Baba Audu, yana bayana. In na fita me zan ce masa?

Saura mutum ɗaya a zo kaina sai ga Iya Tabawa, tsohuwar da ba ta da kowa, wadda na kai wa zakkata. Kunnenta ya yi nauyi, shi ya sa maganarta kamar shela ce.

"Ɗan albarka! Kai ne nan? Allah shi saka maka! Bana kowa ya manta da ni, sai kai ka kawo mani dami huɗu na zakka!"

"Iya, sai an jima," na ce ƙasa-ƙasa.

"Mi ka ce? Huɗu mana! Dawa ja, mai nauyi!"

A garinmu ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san dami ɗaya ake cirewa cikin goma. Na ji wani daga baya ya ce, "Arba'in ke nan." Ɗan sandan ya matso. Na fara tunanin wa zai ciyar da iyalina. Baba Audu ya cire hularsa yana duba cikinta.

Malamin gonan ya dube ni ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah a kan huɗu, sauran fa?"

Na durƙusa na faɗi gaskiya. Mai gari ya roƙa a bar ni, tunda ban karɓi komai ba. Aka yarda, amma da sharaɗi: buhun da na yi wa layi na Iya ne, kuma ni zan kai mata a ka. Haka na ratsa gari, tana biye da ni tana ta sa mini albarka da ƙarfi.

Har yau tsofaffin Daudawa Dami Arba'in suke kirana. Abin da na koya shi ne, zakka da ƙarya ba sa zama rumbu ɗaya. Tunda ba ni da zuciyar hana zakkar, sai na haƙura da ɗayar.