Marigayiya Tukunyar Jam da Marayunta Arba'in

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yau bai rabu da ƙaurin sukari ba, Yaya Tafireta, tsohuwar mai buga takardu da ta yi ritaya, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta, musamman ma'aikatan ofishin ƙanwarta Auta, rasuwar tukunyarta ta lantarki mai dafa jam. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan kantar kicin, tsakanin firji da taga, tana da shekara tara a duniya.

Marigayiyar mai kamun kai ce, inda aka ajiye ta nan za a same ta. A zuba mata mangwaro ko abarba, a auna sukari, a matsa lemon tsami, a danna maɓalli, sai ta kama juyi da ɗan ludayinta na ciki, "ƙurr, ƙurr," rabin awa ba ƙorafi. In ta gama ta ce "tit, tit, tit," ta ja bakinta. A gidan nan kaf ita kaɗai ta san lokacin yin shiru. Abu ɗaya ta roƙa a rayuwarta: akwai wani jan layi a cikinta, kada a cika ta ya wuce shi.

Shekara tara Yaya na tafasa kwalabe, ta cika su da zafinsu, ta kife su a kan tawul, sannan ta zauna gaban tsohuwar tafiretarta ta buga wa kowace kwalba takarda: sunan ɗan itacen, kwanan wata, da kalma biyu a ƙasa, "Hannun Yaya." Shekara tara kuma Auta na kwasar kwalaben nan, ta tsoma su a ruwan ɗumi, ta kankare takardar da farce, ta manna tata mai furanni, ta kai ofis. A can Auta Mai Jam ake ce mata, matar da ko ruwan shayi ta ɗora sai ya ƙone. Yaya ta sani tun kwalbar farko, don ita ke tsince guntayen sunanta daga magudanar wanke-wanke. Abin ya ci mata rai ba kaɗan ba, amma ta haɗiye, ta ce ai ƙanwa ce.

Ciwon ajali ya fara ne makon jiya, ranar da Auta ta dawo daga aiki tana rawar kai. Daraktansu zai yi ritaya, za a yi masa liyafar ban kwana ranar Juma'ar wannan makon, ita kuma ta miƙe a gaban taro ta yi alkawarin kwalba arba'in, kowa ya tafi gida da tasa.

"Zan yi miki," in ji Yaya. "Amma wannan karon a bar sunana a jiki."

"Haba Yaya, wa ya san ki a can? Kuma ai ba ke kike yi ba, inji ne. Ko ni na danna, jam zai fito."

Marigayiyar tana kan kantar kicin, ta ji komai.

Ranar Talata Yaya ta tafi asibiti gwajin ido. Auta ta buga waya ofis ta ce zazzaɓi take yi, ta ɗaura zane ta shiga kicin. Ta lissafa ta ga zubi ɗaya kwalba huɗu yake bayarwa, zubi goma kuwa wahala ce, sai ta danƙara wa baiwar Allah mangwaro har wuya, jan layi ya nutse. Sukari ya tafaso, ya malalo, ya gangara cikin inji. Maƙwabciya ta shaida cewa ta ji marigayiya na kiran "tit, tit, tit, tit" ba ƙaƙƙautawa, a daidai lokacin da Auta ke falo tana yi wa wata abokiyar aiki bayani a waya cewa sirrin jam haƙuri ne. Da hayaƙi ya tashi, sai ta zare fulogi, ta tsunduma tukunyar gaba ɗaya cikin baho, da wayar wutarta da komai, ta dirje ta da soso don kada Yaya ta gane. Ta goge, ta sake jonawa. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "fat!"

Mai gyara ya kwance ta, ya leƙa, ya girgiza kai. "Hajiya, sai haƙuri. Shaƙe ta aka yi, kuma an yi mata wanka tun tana da sauran rai."

Ta rasu ta bar murfi ɗaya, ludayi, kofin awo, littafin bayani da ba wanda ya taɓa buɗewa sai Yaya, kwando uku na mangwaro da ƙudaje suka fara zuwa wa gaisuwa, da marayun kwalabe arba'in. Ta kuma bar Auta, wadda ta zaga shaguna har dugaduganta suka tsage, aka ce mata irin wannan sai an yi oda, mako uku.

Ranar Laraba da yamma Auta ta durƙusa a bakin ƙofar ɗaki. "Yaya, ki dubi Allah ki rufa min asiri. Ai kin iya a tukunyar wuta tun kafin inji. A sa sunanki, da manyan baƙaƙe ma."

Gaskiya ne, shekara ashirin Yaya ta yi tana juya jam da cokalin katako. Ta gyara sabon tabarau, ta dube ta tun daga sama har ƙasa.

"Ina cikin makoki, Auta. Kuma ai ba ni nake yi ba, inji ne."

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe huɗu na yamma a bayan gida, inda mai sayen tsofaffin ƙarafa zai ɗauki gawar a baro. Ana neman afuwar ma'aikatan ofis da abin ya zo daidai da lokacin liyafarsu, ba sai sun wahalar da kansu sun zo ba. An buga wannan sanarwa kwafi arba'in, an naɗe kowanne an jefa a kwalba, an jera a kwali an ɗaure. Direban ofis, wanda Auta ta ce ya zo ɗaukar jam kuma ta manta ba ta dakatar ba, zai ɗauka da safe ya kai teburin liyafa. Kowa zai tafi gida da tasa, kamar yadda aka yi masa alkawari. Takardar da ke jikin kwalbar kuwa, "Hannun Yaya," da gam mai ƙarfi aka manna ta, ruwan ɗumi ba ya cire ta.