Dakta Gada a Kan Turmi

A wani daji da ilimi ya yi wa yawa, dabbobi suka kafa jami'a a gindin kuka. Abin alfaharinsu wani tsohon turmi ne da aka kife a bakin ƙofa. Doka ta ce duk wanda ya hau shi ya faɗi son ransa, ba mai taɓa shi muddin yana kan turmin. Shekara da shekaru ana hawa, a yi kukan ƙarancin inuwa da tsamin abincin ɗalibai, a yi tafi a watse.

Dakta Gada malamar ilimin sawu ce, baiwar Allah mai yawan tambaya. Ta lura zomayen ajin farko suna raguwa, ta bi sawunsu, ta ga duk ya ƙare a ƙofar ofishin Kura, shugabar walwalar ɗalibai. Maimakon ta haɗiye abinta, sai ta haye turmi ta zayyana sakamakon bincikenta kaf.

Kura ta fi kowa tafi. Sannan ta zo ta kwanta a gindin turmin, ta ce, "Malama, sannu da ƙoƙari. Ni mai bin doka ce, ko gashinki ba zan taɓa ba. In kin sauko ina da 'yan gyare-gyare, sai mu tattauna a ofis."

Gada ta leƙa ƙasa, ta ji ashe ba ta gama jawabi ba tukuna.

Majalisar jami'a ta zauna. Bushiya, wadda ƙayarta ke ba ta bakin magana, ta dubi shugaban jami'a ta ce, "Ranka ya daɗe, mu muka ba kura ajiyar nama. In binciken nan ƙarya ne, a rushe shi da bincike. In gaskiya ne, a raka Dakta gida, yaranta na jira."

Shugaban, Farfesa Dila, ya yi gyaran murya. "Jama'a, mu yi adalci. Gada na da 'yancin magana, ba mu hana ba. Kura ma na da 'yancin kwanciya inda ta ga dama, harabar ta kowa ce. Dokarmu ta yi bayanin hawa, ba ta ce komai kan sauka ba, kuma ba a gaggawa a harkar ilimi. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. A kafa kwamiti."

Aka kafa, aka ba Kura shugabancinsa, tunda ita ta fi kowa kusa da matsalar.

Gada dai tana nan a kan turmi. Ɗalibai sun yi mata rumfa, suna kawo mata ganye, tana koyarwa daga can, ajinta ya fi na kowa cika. Wallahi tana ba ni tausayi, ko da yake ta yi ƙiba. Baƙi in sun zo, nan Dila ke fara kai su, su ga yadda malama ke faɗin abin da ta ga dama ba mai ce mata kanzil.

Sauran malaman sashen sawu kuwa, a daminar nan duk suka gano cewa makomar ilimi tana ga nazarin gajimare.